Wai za a riƙa rufe sashen gaggawa na asibitin garinmu da dare, ina mafita?

Baban Khalifa tela

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne, abin da na sani a harkar asibiti bai wuce kai mara lafiya da zaman jinya ba, shi ya sa na kawo maganar nan ko Allah zai sa masu sani su gani.

Yau kwana huɗu ke nan ana ta raɗe-raɗi a garinmu cewa daga ƙarshen watan gobe sashen gaggawa na babban asibiti zai riƙa rufewa ƙarfe 10 na dare, sai 6 na safe a buɗe. Wanda ciwo ya kama a tsakani sai dai a nufi babban birnin jiha da shi. Ba zan kama sunan garin ko na asibitin ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. Amma tsakaninmu da birni tafiyar awa ɗaya da rabi ce da rana tsaka. Da dare kuwa ba kowane direba ne zai yarda ya bi hanyar ba, kun san dalili.

Abin da ya hana ni barci a kan maganar shi ne abin da ya same ni a daminar bara, cikin watan Agusta. Khalifa, lokacin yana da shekara uku, ya yi kwana biyu yana zazzaɓi muna ba shi maganin kemis. Wajen ɗayan dare uwarsa ta tashe ni a firgice, idon yaro ya kakkafe, jiki sai jijjiga yake. Ta rungume shi a bayan babur, ana yayyafi, muka isa asibiti. Babu wuta. Nas ɗaya ce tal a sashen. Ta miƙo mini wayarta ta ce, "Malam riƙe fitilar nan, kuma kada hannunka ya yi rawa." Ta nemi jijiya a bayan hannunsa ta rasa, ta koma ƙafa ta samu. Ta ja fatar idonsa ta ƙasa, na gani da idona fari fat kamar alli. Ta ce jininsa ya yi ƙasa sosai.

Ɗakin gwaji a kulle, sai da ta buga wa mai gwajin waya ya zo a kan babur da jallabiyar barci. Kantin maganin asibiti a kulle, na fita na bubbuga wa mai kemis na bakin titi ƙofa har ya tashi yana mita. Jinina aka ɗiba aka sa masa. Likita bai iso ba sai wajen uku, da silifas a ƙafarsa da ido jajir. Ana kiran assalatu yaron ya buɗe ido ya ce zai sha shayi.

Ba cewa nake asibitin nan ya yi kyau ba, kun dai ji yadda na same shi. Amma da ƙofar nan a garƙame take a daren nan, ban san inda zan nufa da yaro yana jijjiga a kan babur ba.

To ina tambaya: doka ta yarda a rufe sashen gaggawa da dare? Wa ke da ikon yanke wannan hukunci, shugaban ƙaramar hukuma ko wa? Kuma ban da addu'a, me irinmu za su iya yi?

Sista mai aikin dare

Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Allah ya raya mana shi. Shekarata 14 ina aikin jinya, fiye da rabinsu a sashen gaggawa da ɗakin haihuwa na asibitoci irin naku, don haka bari in faɗa maka abin da ke bayan labule.

In aka ce sashe yana aiki ba dare ba rana, ba buɗaɗɗiyar ƙofa kawai ake nufi ba. Sai an samu nas a zaune, likitan da za a kira ya zo cikin mintoci, mai gwajin jini, magani a hannu, wuta, da wanda zai sa mara lafiya barci in ta kai ga tiyata. Ɗaya ya ɓace, sauran sun gurgunce. A labarinka ma ka ga uku ba sa nan, sa'a ce da jajircewar yarinyar nan suka haɗa su.

Lissafin likitoci kuwa ba wuya gare shi. In guda biyu ne a asibiti, kowanne yana kwana a kan kira dare ɗaya bayan ɗaya, kuma gari na wayewa ga layin masu ganin likita har bakin ƙofa, ga zagayen ɗakuna, ga tiyata. Ranar da ɗaya ya tafi hutu ko aka yi masa rasuwa, ɗayan ya zama shi kaɗai sati guda cur. Wannan jan idon da ka gani, na wanda bai yi barcin kirki ba ne tun shekaranjiya. A watan Maris na 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar, waɗanda suka rage kuma wajen 55,000 ne. Mutane sun fi jin labarin masu tafiya Ingila da Saudiyya. Mu a asibitocin karkara, wanda ya fi cin mu shi ne na cikin gida: da zarar asibitin koyarwa ko cibiyar lafiya ta tarayya ta buɗe ɗaukar aiki, sai ka ga takardun ajiye aiki. Ba na ganin laifinsu, can albashi ya fi, ga damar ƙaro karatu, ga makarantar yara.

Amma ga inda ban yarda da masu son rufewa ba. Yawancin abin da ke kashe mutane da dare, minti talatin na farko ne ke raba gardama, kuma ba dole sai hannun likita ba. Mace mai zubar jini bayan haihuwa tana iya cikawa cikin awa biyu, ka ga kafin a nemo mota a kai birni zance ya ƙare. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Wata leda ce mai awo ake shimfiɗa wa mai haihuwa, jinin na taruwa a ciki ana ganin yawansa, ba a tsaya ana kintace da ido ba. Da ya kai ma'auni, sai a haɗa mata komai lokaci guda: murza mahaifa, allurar oksitosin, allurar tsayar da jini, ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa. Mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Unguwarzoma ce ke yin wannan duka. Haka jijjigar masu ciki, allurar magniziyam nas ce ke yi. Yaro irin Khalifa, allurar atesunet ta maleriya da ta tsayar da jijjiga nas ce ke fara ba shi kafin kowa ya iso.

Saboda haka in kun je wurin manya, kada ku tsaya a kan "kar a rufe" kawai. Za su ce muku babu likita, kuma gaskiya suka faɗa, sai ku dawo hannu rabbana. Ku ce a bar nas biyu da unguwarzoma a aikin dare, a ba su akwatin magungunan gaggawa wanda makullinsa ke hannunsu ba a aljihun mai kantin magani da ke barci a gida ba, a yi amfani da shi a biya daga baya. A sa sola ko da ta ɗakin gaggawa da ɗakin haihuwa da firjin jini ce kaɗai. Mai gwaji ya riƙa kwana a cikin asibiti.

Wallahi na taɓa karɓar haihuwa ina riƙe da fitilar waya a baki. Ba abin alfahari ba ne, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ɗan Baba na Kasuwar Hatsi

Sista, Allah ya saka da alheri, amma ku yi haƙuri ni ra'ayina daban ne, kuma ba da wasa nake ba.

Shekara biyu da suka wuce ƙanina ya yi haɗari da babur bayan isha'i, sitiyari ya buge shi a ciki. Babu ko ƙwarzane a jikinsa, yana magana da mu. Muka kai shi babban asibitin garinmu, wanda aka rubuta a allonsa ɓaro-ɓaro cewa ana aiki kowane lokaci. Aka sa masa ruwa, aka ce a jira likita. Muka jira. Likita ya zo ya danna cikin ya ce jini ke zuba a ciki, sai tiyata, kuma mai sa barci ya yi tafiya. Aka rubuta mana takardar zuwa birni. Motar asibiti ba mai, direbanta ma ba a san inda yake ba. Kafin mu sami mota sama da awa biyu sun tafi a banza. A hanya ya cika, kansa a cinyata.

Na yarda kwana ya ƙare. Amma da mun san babu abin da za a yi masa a can, da tun daga wurin haɗarin muka miƙe birni. Allon nan ne ya yaudare mu. Don haka ni a ganina, in ba za a iya ba, gara a fito a gaya wa mutane gaskiya a rufe, kowa ya san inda dare ya yi masa. Ƙofar da ke buɗe ba kowa a ciki ta fi rufaffiya cutarwa.

Malam Na-Sakatariya

Allah ya jiƙansa, Ɗan Baba, ya ba ku haƙuri.

Baban Khalifa, a kan tambayarka ta doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta ce babu wani asibiti ko ma'aikacin lafiya da zai hana mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya saɓa kuma tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Akwai kuma dokar 2017 da ta tilasta a karɓi wanda aka harba a fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ku riƙe waɗannan biyun, don har yau akwai wuraren da ake cewa sai an ajiye kuɗi ko an kawo takarda kafin a taɓa mutum. Sai dai a fahimtata, dokar ta fi kama wanda ya kore ka da bakinsa. Ƙofar da aka sa wa kwaɗo saboda babu ma'aikata, wa za ka kai ƙara, maigadi?

Batun mai iko kuwa, kada ku ɓata takalmanku wajen zarya ofishin shugaban ƙaramar hukuma. Babban asibiti na gwamnatin jiha ne, yana ƙarƙashin hukumar kula da asibitoci da ma'aikatar lafiya. Su ke tura likita, su ke ɗauke shi. Shugaban asibitin ma bai isa ya rufe sashe da kansa ba sai da saninsu. Ciyaman zai iya taimaka muku da dizal ko gyaran gidan likita in ya ga dama, amma ba shi ke da wuƙa da nama ba. Wanda za ku matsa wa shi ne ɗan majalisar jiha na mazaɓarku, kuma ku bi ta hannun hakimi, takarda a rubuce da sa hannun masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin mata, a kai kwafe ga kwamishina.

Akwai kuɗin da mutane da yawa ba su san da su ba. Wannan doka ta 2014 ita ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma kashi 5 cikin 100 na asusun an ware shi ne musamman don kulawar gaggawa. Daga nan aka fito da shirin NEMSAS a 2022, wanda ke biyan motar ɗaukar mara lafiya da maganin awa 48 na farko a asibitocin da aka yi wa rajista. Ku tambayi shugaban asibitinku kai tsaye: an sa ku a ciki? In ba a sa ba, me ya hana? Haka a Nuwamban 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu, shi ma ta asibitocin da aka tantance ake yi. Asibitin da ke rufe da dare ban ga yadda zai ci moriyar ko ɗaya ba, wannan ma hujja ce a hannunku.

Tun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Ni da na yi shekaru ina ganin takardun kasafi, abin da aka rubuta daban, abin da aka saki daban. Ku tambayi nawa ake ba asibitin duk wata na gudanarwa, za ku sha mamaki.

Direba ɗan ƙungiya

Salam. Ni ba na dogon rubutu. Ina cikin direbobin tasha da aka taɓa horarwa a ƙarƙashin ƙungiyarmu ta NURTW don ɗaukar mata masu naƙuda in ta zo da gardama. An koya mana yadda za a kwantar da mace a mota da alamomin haɗari, aka rarraba lambobinmu a ƙauyuka. Ladan da ake ba ka, in ka dawo tasha a ba ka lodi ba sai ka bi layi ba. Ya yi aiki sosai, ni kaina na ɗauki mata sun fi ashirin, akwai wadda aka sa wa ɗanta sunana.

Abin da ya karya mu mai ne. Kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, a ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Da, in mutum ba shi da kuɗi sai ka ce Allah ya ba da lada. Yanzu zuwa birni da dawowa ya cinye cinikin yini. In za a rufe asibitin gari a ce kowa ya tafi birni, to a fara gaya mana wa zai zuba man. Ga shingaye a hanya, kowanne sai ka tsaya an haska fitila. Ga damina, manoma da saran kububuwa. Ba kowa ke kusa da Kaltungo ba, inda asibitin saran maciji yake.

Shawarata ku yi asusun mai a hannun mutum ɗaya amintacce, ku yi magana da gidan mai ɗaya da zai riƙa ba da bashi da dare.

Sista mai aikin dare

Ɗan Baba, Allah ya gafarta masa. Ba zan yi maka musu ba, an yi kuskure a kansa. Wanda aka buge a ciki, jijiyarsa na bugawa da sauri, jiki na sanyi, ba a zaunar da shi jiran kowa. In an san babu tiyata a daren, cikin minti goma sha biyar ya kamata a sa masa ruwa ta manyan allurai biyu, a ɗora shi a mota da nas a gefensa, a buga wa asibitin birni waya su shirya. Abin da ya ci ƙaninka rashin faɗin gaskiya da wuri ne da motar da ba mai. Ni ma ina goyon bayan a rubuta a bakin ƙofa kowane dare: yau akwai tiyata ko babu, akwai jini ko babu. Amma in aka rufe gaba ɗaya, mai irin ciwon ƙaninka ya tsira da awa biyunsa, su Khalifa da masu zubar jini kuma su ne za su cika a hanya, kuma sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Baban Khalifa tela

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Ɗan Baba, na karanta naka sau biyu, na kasa cewa komai. Allah ya sa ya huta.

Jiya bayan la'asar mu shida muka je wurin shugaban asibitin, da mai unguwarmu da limamin masallacin kasuwa da shugabar ƙungiyar mata. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, har ya ce ya daɗe yana jiran mutanen gari su zo su tambaya. Ashe ba a rubuto takardar rufewa ba tukuna. Abin da ke akwai shi ne su uku ne, ɗaya ɗan bautar ƙasa ne zai gama a watan gobe, ɗaya kuma ya samu gurbin ƙaro karatu a asibitin koyarwa. Shi kaɗai zai rage. Ya ce shi ya faɗa a taron ma'aikata cewa in ba a turo kowa ba ba zai iya riƙe dare ba, daga nan maganar ta fita gari. Ya rubuta wa hukuma sau biyu. Da na karanto masa tambayar Malam Na-Sakatariya ta NEMSAS sai ya yi dariya ya ce wa ya koya wa tela wannan, ya ce sun cike takardu ana jira.

Ya kai mu gidan likita da ke cikin asibitin. Rufin ɗaki ɗaya ya yaye, banɗaki ba ruwa, awaki sun mayar da barandar wurin kwana. Ya ce wanda aka turo bara kwana biyu ya yi ya koma. Mai unguwa ya ce wannan kam ba sai mun jira gwamnati ba, akwai kafintoci da magina a gari. Ni na ɗauki labulaye da zanen gado.

Takardar hakimi ana rubuta ta. Mun kuma fara rubuta sunayen masu ba da jini da lambobinsu, zuwa daren jiya mun kai 43, mai gwajin nan na jallabiya ya ce ranar Asabar zai duba wa kowa rukunin jininsa in mun sayi kayan gwajin.

Sista, tambaya ɗaya. Wani ɗan garinmu da ke kasuwanci a Legas ya ce zai sayi sola, amma ƙarfinsa ba zai ɗauki duka ba a tashi ɗaya. Shugaban asibiti ya ce a fara da ɗakin tiyata, babbar nas ta ce a fara da firjin jini da ɗakin haihuwa, har sun ɗan yi sa-in-sa a gabanmu. Mutumin yana jiran amsa kafin Juma'a. Wanne za mu ce masa?